Kaka da Masu Sunan Faransa

Na Allah ne mu, kuma komai daɗewa gare Shi za a koma. Kaka, mahaifiyar babana, ta rasu ranar wata Talata da hantsi a ɗakinta da ke unguwar Kusfa cikin birnin Zariya, damina na tsakiya. Kafin azahar an kai ta makwancinta. Kafin la'asar tabarmi sun cika zaure da tsakar gida.

Masu ta'aziyya kowa da abin da ya tuna. Limamin unguwa ya ce tun yana yaro bai taɓa jin muryarta ta tsallake katanga ba. Matan maƙwabta suka ce yanzu wa zai riƙa yi musu alkakin biki. Wata tsohuwa da suka yi 'yanmatanci tare ta zauna a bakin rijiya tana ta maimaitawa, "Ta riga ni, mai wayo. Kullum sai ta riga ni." Baffa, babban ɗanta namiji, yana zaure yana amsa gaisuwa da carbi a hannu. Idonsa a bushe yake, amma hularsa ta karkace bai gyara ba, abin da ban taɓa gani ba.

Ana cikin haka mata biyu suka yi sallama. Ɗaya gajera mai jiki, da ɗaurin zani irin na mutanen Kwatano. Ɗaya doguwa mai tabarau, gyalenta sai zamewa yake don ba ta saba yafawa ba. Gajerar tun daga soro ta ɗora hannu a ka tana kururuwa, "Mama! Mama ta tafi!" Dangi na nesa suka fara kallon juna.

"Su wa ke nan kuma?" in ji wata.

"'Ya'yan marigayiya ne," in ji Inna, mahaifiyata.

"'Ya'ya? Ai ba su yi kama da masu salla ba."

"To tashi ki kore su."

Ba wadda ta tashi. Matan nan biyu sunansu ɗaya, Madalen, sunan mutanen Faransa. Akwai wata mai wannan suna da ta fi su haƙƙin zama a kan tabarmar makokin nan, wadda saboda ita ne ma suka san ƙofar gidanmu. Ita ba ta zo ba. Don ita da Kaka na ɗauki biro.

Kafin Kaka ta auri kakanmu, ta yi aure na fari da wani maɗinkin riguna. Ya tafi da ita Damagaram, zamanin Turawan Faransa na mulki a can, domin rigar Zazzau tana da daraja a kasuwarsu. A can ta haifi 'ya mace, aka sa mata sunan uwar mijin. Yarinyar ba a yaye ta ba sanƙarau ya shigo gari. Mijin ya rasu. Kaka ta kwanta ba ta san wanda ke kanta ba. Ƙaninta ya je ya ɗauko ta a kan jaki har Kano, daga nan jirgin ƙasa. Maƙwabta sun ce masa jaririyar ta bi ubanta, shi kuma haka ya gaya mata da ta farfaɗo.

Sai bayan ta haifi Baffa da babana da ƙannensu, ƙanin nata ya koma Damagaram fatauci, ya gamu da wani tsohon kuku. Kukun ya ce yarinyar nan ba ta mutu ba. Matan mishan ne suka tsince ta a gidan da kowa ya gudu, suka raine ta, suka sa mata Madalen, daga baya suka wuce da ita wani gari. Ƙanin Kaka ya dawo ya faɗi sunan sau ɗaya a tsakar gida. Inna ta ce Kaka na tankaɗe a lokacin, ba ta ɗago kai ba, sai dai ta ci gaba da kaɗa rariyar har bayan garin ya ƙare.

Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar Zariya ya san uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta kallonsa ido da ido, kai ko takwaransa ba ta kira da sunan. Kaka ta riƙe wannan kunya fiye da duk matan da na sani. Sunan yanka na yarinyar dama ya haramta a bakinta sau biyu, na 'yar fari kuma na suruka. Sabon sunan ma ta haɗa shi da su. In za ta yi zancenta sai ta ce "mai sunan Faransa." Kowane falke da zai bi ta Maraɗi ko Yamai sai ta aika masa da alkaki a ƙwarya, ta sa Inna ta faɗa masa sunan daga bayan ƙofa.

Fataken ba su samo ta ba. Sai dai labari ya bazu cewa wata tsohuwa a Kusfa tana neman Madalen, aka yi ta kawo mata waɗanda ba su ba.

Ta farko ita ce mai kifin. Daga Kwatano ta biyo mijinta magini, ya gina wa mutane gidaje a Sabon Gari, ya gudu ya bar ta da tiren busasshen kifi. Kallo ɗaya Kaka ta yi mata ta san ba ita ba ce, don ta yi ƙuruciya da yawa. Amma ta ce, "Zauna ki ci tuwo, kin sha hanya." Tun daga ranar take kiranta Mai Kifi. Shekarar da gwamnati ta kori baƙi, Mai Kifi ta shigo da ƙullin kayanta tana neman mafaka. Kaka ta ɗaura mata zanin saƙi, ta ajiye ta a ƙuryar ɗaki bayan jeren kwanoni. Da Baffa ya tambaya, sai ta ce jikar ƙawarta ce daga ƙauye, kuma kurma ce, kada a wahalar da ita da magana. Wata biyu Mai Kifi, wadda bakinta ba ya rufuwa a kasuwa, tana zaman kurma a gidanmu.

Ta biyu daga Chadi yaƙi ya koro ta. Ta zauna a Tudun Jukun tana wankau. 'Ya'yanta biyu sun ɓace mata a hanya, don haka duk yaron da ta gani sai ta tsayar da shi ta duba bayan kunnensa, tana neman wani tabo. Ba ta jin Hausa sosai. Takan zo ta zauna kusa da Kaka, Kaka na kaɗin auduga, su yi awa biyu ba wadda ta ce uffan. Na taɓa tambayar Kaka me suke samu a wannan zama. Ta ce, "Hira muke yi, ke ce ba kya ji." Matar Chadin ba ta yi shekara uku a Zariya ba ta rasu, ba ta ga ko ɗaya daga cikin yaran ba.

Ta uku ita ce mai tabarau, 'yar Kamaru, tana zaune a unguwar Kongo ta nan Zariya tana koyar da Faransanci a wata sakandare. Ba miji, ba ɗa, sai littattafai da wata kyanwa. Kaka ta sa mata Ta Kongo, tana yi mata faɗan rama, tana aika mata da dambu.

Ni kuwa a lokacin ina koyarwa a firamare, kuma littattafan soyayya na kasuwa sun gama da zuciyata. Kowace Alhamis da yamma nakan zo in karanta wa Kaka tana kaɗi. Takan ce, "Zo ki karanta mini ƙaryar nan taku." In na kai wurin da budurwa ke kuka a gindin bishiya, sai ta tsayar da mazari ta ce, "Wannan ba ta da wanke-wanke ne? Tun makon jiya take kuka." Amma in labarin ya kai inda ɓataccen ɗa ya dawo gida, uwa ta rungume shi suna zubar da hawaye, Kaka ba ta cewa komai. Zaren ne kawai yake yin kauri a hannunta. Ni kuma na ɗauki wannan shirun na gina masa gida a raina. Na rantse sai na kawo wa Kaka irin wannan babi na ƙarshe.

Ta Kongo ce ta san hanya. Ta yi ta rubuta wasiƙu zuwa gidajen mishan na ƙasar Nijar, har wata rana amsa ta zo daga Yamai. Wata ungozomar asibiti ce, ta kusa barin aiki, sunanta Madalen. An gaya mata a Damagaram aka tsince ta shekarar sanƙarau, a gidan wani maɗinki bazazzagi. Ta ce duk rayuwarta ta ɗauka uwarta ta mutu. Ta tambaya, in da gaske tana raye, me ya sa ba ta zo ba?

Ni na tsara amsar, Ta Kongo ta juya ta zuwa Faransanci. A nan na yi kuskuren da zan mutu da shi. Na rubuta da irin alƙalamin littattafaina. Na ce mahaifiyarki tana kiran sunanki safe da yamma kamar mai jan carbi. Na ce hannuwanta a buɗe suke tun ranar da aka raba ku, ba su rufu ba. A ganina ba ƙarya na yi ba, na fassara abin da ke zuciyar Kaka ne. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba in gaya mata yadda uwa ke karɓar 'yar fari a garinmu. Wa ke bayanin abin da kowa ya sani?

Da Baffa ya ji tana tafe, ya shigo cikin gida ransa a ɓace. Gari bai daɗe da fita daga wani rikici ba.

"Hajiya, mutane za su yi magana. Mace da gicciye a wuya, a cikin Kusfa, a gidan malamai?"

Kaka ta ce, "Kai wa ya raine ka?"

"Ke ce, Hajiya."

"Ita wa ya raine ta?"

Baffa ya gyara zaman hularsa. Kaka ta ci gaba.

"To wanda ya tsince ta shi ya ba ta abin da yake da shi. Ni ban ba ta komai ba. In gidan malamai ba zai ɗauke ta ba, ka nemo mini ɗakin haya a bayan ganuwa."

Ban taɓa jin ta ɗaga wa Baffa murya ba sai ranar. Shi ya sayo fenti da kansa washegari.

Kaka ta yi mako biyu tana shiri. Ta sa aka yi wa ɗakinta sabon daɓe, ta bar wa baƙuwa gadonta ta koma ɗakin Inna. Kwana uku tana tuƙin alkaki ba ta yarda kowa ya sa hannu ba. Ta kira ni gefe ta ce, "Masu sunan Faransa suna cin tuwo kuwa?" Na ce ban sani ba. Ta aika aka sayo burodi da cokali mai yatsu.

Madalen ta Yamai, wato Babbar Gwaggo a wurinmu, ta iso da azahar. Da ta shigo tsakar gida sai da Inna ta dafa bango. Fuskar Kaka ce sak, har wushiryar, sai dai furfura a buɗe ba ɗankwali. Ta ajiye jakarta a ƙasa, ta buɗe hannuwa biyu, ta nufi Kaka tana cewa, "Mama. Mama, ni ce."

Kaka ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta juya wajen bango. Ta ce da Inna, "Sun zo lafiya? Ku kai baƙuwa masauki, ku ba ta ruwa." Ta miƙe ta shige madafi.

Matan gida suka girgiza kai cike da sha'awa. Na ji wata tana raɗa, "Kai, tsohuwar nan akwai kunya. Duk shekarun nan, amma ko ɗaga ido." Mu duka mun ga ƙauna a wannan juya baya, mun gan ta ƙarara kamar wata daren sha huɗu. Gwaggo kaɗai aka bari a tsakar rana da hannuwa a buɗe.

Kwana uku ta yi. Ni na ga abin da ita ba ta gani ba. Na ga Kaka a bayan asabari tana leƙen yadda take tafiya. Na gan ta tana buɗe kwanon da aka fito da shi daga ɗakin, tana duba loma nawa aka ci. Na gan ta da sassafe ta ɗauki takalman Gwaggo tana goge musu laka da gefen zaninta. Amma in Gwaggo ta fito tsakar gida, Kaka sai ta tashi ta ba da wuri.

Rana ta biyu Mai Kifi ta zo ganin takwararta. Kaka ta tare ta da dariya, ta ja mata kunne, ta ce, "Ɓarauniya, kifin da kika aiko mini duk ƙaya ne." Ta zaunar da ita a kan tabarmarta suna ci a kwano ɗaya. Gwaggo na tsaye a ƙofar ɗaki tana kallo. Na ga fuskarta, na ce a raina gobe zan zauna in yi mata bayani a tsanake. Na so in samo kalmomi masu daɗi tukuna.

Washegari da hantsi ta fito da jakarta. Na bi ta har tashar motar Katsina ina roƙo. Hausarta ta kasuwar Yamai ce, amma ta isa.

"Kin rubuta mini tana kiran sunana safe da yamma."

"Gwaggo, al'adarmu ce. Ke ce ta fari. Uwa ba ta kallon 'yar fari a gaban mutane."

"A bayan mutane fa? Kwana uku ƙofata a buɗe."

Ta gyara riƙon jakarta.

Ta ce, "Aikina karɓar haihuwa. Na ga matalauta, na ga mahaukata, na ga 'yan mata da ba su so cikin ba. Kowace sai ta ce a miƙo mata ta gani. Al'adar nan taku ta 'yar da ta tashi a gida ce, wadda ta sha goyo, wadda ta sani. Ni me na sani? Ni wadda aka bari ce."

Ta shiga mota ta zauna a gefen da ba na iya ganinta.

Na dawo na tarar da Kaka a bakin gadon, ƙwaryar alkakin da ta ɗaure wa Gwaggo na nan inda aka ajiye ta. Ranar na yi wa Kaka rashin kunyar da ban taɓa yi ba.

"Kaka, me zai ragu a jikinki in kin kira ta sau ɗaya? Sau ɗaya tak!"

"Da wane bakin? Uwata har ta koma ga Allah ba ta kira yayata ba, kuma yayata ba ta taɓa shakkar komai ba."

"Ita ba a nan ta tashi ba!"

Ta daɗe tana kallon ƙwaryar. Sannan ta ce a hankali, "To ku da kuka yi boko, me ya hana ku gaya mata tun a takarda?"

Har yau ban sami amsar wannan ba.

Na yi ƙoƙarin gyarawa. Na aro rikoda na sa sabon kaset, na ce Kaka ta yi magana a aika mata, ba kowa a ɗakin sai ni, ni ma zan fita. Na dawo na saurara. Ta gai da mutanen Yamai manya da yara. Ta yi musu addu'ar damina mai albarka. Ta ce, "Ina gai da..." Daga nan sai numfashinta kawai, da kukan kaji a tsakar gida, har kaset ɗin ya ƙare. Haka na aika da shi, tare da wasiƙa mai shafi huɗu. Ba amsa. Na sake aikawa sau uku. Ba amsa.

Bayan wannan Kaka ta daina aika wa fatake da alkaki. In na zo da littafi ranar Alhamis sai ta ce idonta na ciwo, alhali ni ke karatun. Ta ci gaba da yi wa Ta Kongo faɗan rama, ta ci gaba da tsokanar Mai Kifi, amma ko "mai sunan Faransa" ba ta ƙara faɗa ba. Ta rayu shekaru a haka, tana ƙanƙancewa kamar sabulu a ruwa.

Ranar da za ta cika ina riƙe da hannunta. Leɓɓanta suka motsa, na kai kunnena. Kalmar shahada ce, ta faɗe ta sarai, alhamdu lillahi. Allah Ya yafe mini, ni wata kalma nake jira a bayanta.

Bayan sadakar bakwai na rubuta wa Gwaggo labarin rasuwar, ba don ina sa rai ba. Sai ga amsa kafin arba'in. Na ruga Kongo da ita. Ta Kongo ta karanta, ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Layi biyu ne. Ta ce Allah Ya ba ku haƙuri. Sannan ta ce, tambaya ɗaya gare ta, kuma wannan karon a gaya mata gaskiya. Kafin ta rasu, ta taɓa kiran sunana, ko sau ɗaya?"

Kyanwar ta zo tana zagaya ƙafafunmu. Can Ta Kongo ta ce, "Ki ce eh. Wa zai ƙaryata ki? Mama ta tafi, ita kuma ta tsufa. Bar ta ta mutu da ɗan abin riƙewa."

Wallahi na so. Na san yadda zan tsara shi, da hasken hantsi a fuskar Kaka, da sunan yana fita daga bakinta kamar ƙamshin turare. Na iya irin wannan rubutu. Shi ne ya kawo Gwaggo tsakar gidanmu da hannuwa a buɗe.

Na ce da Ta Kongo ta ɗauki biro. Ga abin da muka aika: "A'a, Gwaggo. Ba ta taɓa ba, ko sau ɗaya, ko ga takwarorinki. Sunayenmu duka ta yi ta watsa su a tsakar gida kamar ruwan wanki. Naki kaɗai ta riƙe."

Damina biyu ke nan. Nakan biya gidan waya duk mako in buɗe akwatin makarantarmu. Ban sani ba ko wasiƙar ta same ta, ban sani ba ko tana raye.

Ya Allah, ga baiwarKa nan ta zo maKa da nauyin da ta kasa saukewa a duniya. Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka gafarta mata, Ka gafarta mini. Ita kuma ta Yamai, Kai Ka san inda take, Kai kuma ba Ka jin nauyin kiran kowa.